Gudun da Pompey Bai Ƙarasa Ba

Ranar da Hassa ya faɗa lambatu, fararen kaya ne a jikinsa tun daga wuya har idon sawu, waɗanda matarsa Doolarie ta wuni tana gogewa. Ana gobe wasan kurket na gundumar Berbice da ta Demerara ne, na dattawa 'yan sama da sittin. An tashi daga atisaye a filin ƙauyenmu, kowa ya bi falankin da aka gitta a kan lambatu ya tsallake kamar mutum. Shi kuwa da ya zo bakin falankin sai ya tsaya, ya juya ya ba titi baya, ya fara tsallakawa baya da baya, idonsa kafe a tsakiyar fili. Bai yi nisa ba ƙafarsa ta taka iska. Daidai lokacin kuma motar 'yan Demerara ta tsaya a bakin titi, cike da tsofaffi masu sanƙo, kowa ya leƙo da kai ta taga.

Ya miƙe cikin ruwa har ƙirji, kainuwa zaune a kan hularsa, laka har cikin kunne, hannu ɗaya a sama riƙe da katakon bugunsa don kada ya jiƙe. Wani dogon tsoho cikin baƙin, wanda daga baya muka ji sunansa Bovell, ya tambaya cikin ladabi ko wannan ne mai buɗe wa Berbice wasa gobe, ko kuwa kifin da za a dafa musu ne yau.

Mun yi dariya har da masu dafe ciki. Amma wanda ya dubi fuskar Hassa da kyau ya san ba kunya ce a cikinta ba. Yana cikin ruwan ma tsakiyar filin yake kallo, kamar mai jiran wani ya taso.

Sunansa na takarda Hardat Ramkellawan, amma in ka tambayi wannan sunan a duk gaɓar Corentyne sai a nuna maka wani gidan daban. Hassa aka sani, sunan kifin nan na lambatu mai sulke a jiki, domin tun yana saurayi ba ya shiga wasan kurket sai ya naɗe ƙwauri da cinya da haƙarƙari, har tawul yake cusawa cikin riga. Shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasa. Na san tarinsa, na san minsharinsa, na kuma san miyar kifin Bauji Doolarie, kamar yadda muke kiran matarsa, fiye da yadda 'ya'yanta suka san ta, tunda su duk sun tafi New York, ni kuwa ban je ko'ina ba.

Da reshen kwakwa ya koyi bugu, da ɗanyen lemo a matsayin ƙwallo. Yankan rake ne ya ci ƙuruciyarsa: asuba a gona da adda, la'asar a fili da katako. Dattawa sun ce da ya samu wanda ya tsaya masa, da tun yana ɗan ashirin ya buga wa Berbice. Bai samu ba. Shekarar da aka kira shi gwaji adda ta sare masa agara, shekarar da ta biyo baya aka haifi 'yarsa Indra, daga nan kuma ba wanda ya sake kira. Sai da gashinsa ya yi fari fat, haƙoransa rabi suka koma na kanti, sannan aka kafa wasan dattawa, aka ɗora masa hular gunduma a ka. Hular nan yana kwana da ita a gefen matashi. Bauji ta ce ita ma a ranar aurenta ba a lallaɓa ta haka ba.

Duk inda ka ga Hassa a fili kuwa, to Eustace Pompey yana ɗaya ƙarshen fagen. Baƙar fata ne, dogo, mai gyaran injin ban ruwa, kullum jikinsa na ƙanshin man zafi. Tun suna yara suke buɗe wasa tare, har a shekarun da Indiyawa da baƙaƙe ba sa gaisawa a kan hanya. Su biyu ba su da wata doguwar hira. Kalma ɗaya ce ta riƙe abotarsu. A buga ƙwallo, ɗaya ya ce “Zo,” su yi musayar wuri da gudu kafin a dawo da ƙwallon a karya sanduna, a rubuta musu gudu ɗaya. Al'adar kuwa ko yaro ya san ta: in ƙwallo ya tafi gaban mai bugu, shi ke kira, tunda shi ke gani, in ya tafi bayansa, kiran na abokinsa ne. Pompey bai taɓa ɗaga kai ya duba ba in Hassa ya kira. Yana jin muryar sai gudu.

Bara, a filin nan namu, suna wasa da gundumar Essequibo, Hassa ya tura ƙwallo gabansa a hankali, ya ga da wuri, ya ce “Zo.” Pompey ya taho. Sun yi kiciɓis a tsakiya kamar kullum, Hassa ya wuce ya kai layi, ya juyo. Pompey yana durƙushe a tsakar fage, katako a hannu, fuskarsa kamar ta wanda ya tuna ya bar wani abu a wuta. Daga nan ya kwanta a hankali. Kafin a kawo mota ya cika. Likita ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana neman hanya.

Hassa bai saurari likita ba. Abin da ya sani shi ne ya kira, mutum ya taho, bai iso ba. Kuma wanda aka kira bai iso ba, a lissafin Hassa, yana nan a hanya.

Kowa a nan ya san in ka dawo daga jana'iza da baya ake shiga gida, don abin da ya biyo ka ya ga fuskarka ya tsaya a waje. Mutane kan yi sau ɗaya su manta. Hassa bai daina ba. Da rana tsaka sai ka ga tsoho yana hawa matakalar gidansa baya da baya, riƙe da ledar kasuwa. Ya je wurin malaminsu na Hindu an ɗaura masa jan zare a hannu, ya je cocin su Pompey ya kunna kyandir, har limamin masallaci ya tare a hanya ya tambaya ko yana da wani abu. In ya buɗe sabuwar kwalbar giyar rake, maimakon ɗigon da ake zuba wa matattu a ƙasa, shi kusan kofi yake tsiyayawa, har Bauji ta ce ko Pompey yana da rai bai taɓa shan haka ba.

Amma kurket bai bari ba, don bai san yadda ake bari ba. Sai ya ƙirƙiro dabara. Duk ƙwallon da aka jefo masa, sai ya karkata katako ya zame shi baya, inda kiran ba nasa ba ne. Abokin bugu ya kira, ya ruga. In kuma shi ne a ɗaya ƙarshen, kira ya faɗo kansa, sai ka ga ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmi, ko ya ɗaga hannu alamar a tsaya. Shekara guda kalmar nan ba ta fita daga bakinsa ba. Ko karensa in zai kira shi, fito yake yi. Filin ƙauyenmu kuwa ya ƙaurace masa gaba ɗaya: yau gwiwa, gobe Indra za ta bugo waya daga New York, jibi gwiwar ce dai ta dawo.

Sai ga wasan Demerara an ajiye shi a filin nan, ba wani ba.

Da yammacin ranar lambatun, kyaftin ɗin Berbice ya zo gidan. Rahaman ke nan, tsohon direban bas, mai tumbi kamar buhun shinkafa, wanda 'ya'yansa suka kai waje aka tsaga masa ƙirji aka gyara masa zuciya. Ya tarar da Hassa a ƙarƙashin gida, tunda gidajenmu a kan ginshiƙai suke, cikin ragar lilo, an lulluɓe shi da zanin Bauji, fararen kaya na ɗiga a kan igiya. Rahaman bai yi kwana-kwana ba. Ya ce shekara guda yana rufe ido, amma akwai dattawa a jere suna jiran gurbin nan, wasu ma da gwiwoyinsu na asali. Mai bugun da ba ya kira, in ji shi, rabin mutum ne, shi kuwa mutum goma sha ɗaya cikakku aka ce ya kawo. Gobe ko Hassa ya buɗe baki, ko ya ajiye hular Berbice.

Hassa ya tambaya da ƙaramar murya wa zai shiga tare da shi.

“Ni,” in ji Rahaman.

Hassa ya dubi tumbin, ya dubi saman tabon tiyatar da ya leƙo ta wuyan riga, ya ji numfashin mutumin da ɗan tattakin da ya yi daga titi ya sa yake huci. Da Bauji ta kawo roti, gurasar Indiyawa, da miya, ko taɓawa bai yi ba. Ni dai da nake wurin ban bar abincin ya lalace ba.

Bayan baƙo ya tafi ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

“Baban Indra, in ba za ka iya ba, ka ajiye musu hularsu mu huta. Na gaji da auren mutumin da ƙeyarsa ke riga shi shigowa gida.”

Ya ce mata ba za ta gane ba. In ya furta kalmar nan a filin nan, ɗayan biyu ne: ko Pompey ya amsa, ko Rahaman ya faɗi. Bai san wanne ya fi tsoro ba.

Washegari fili ya cika. Mata sun jera tukwanen shinkafa da wake a ƙarƙashin rumfa, masu kwakwa suna sara, tsofaffin 'yan wasa suna shafa man zafi a gwiwa. Warin nan kaɗai ya sa Hassa ya fita bayan rumfa ya daɗe. Labarinsa kuwa tun daren jiya ya kai kunnen 'yan Demerara daga farko har ƙarshe. A ƙauyenmu ba a tambayar wa ya faɗa.

Berbice ce ta fara bugu. Hassa ya shiga fili yana raɓe-raɓe, ya zagaye tsakiyar fagen kamar mai kauce wa kabari, ya je ya tsaya a gaban sanduna. Ya ɗaga kai ya dubi fili. 'Yan Demerara sun kwashe masu tsaron fili kusan duka sun jera su a bayansa, kamar masu jiran ɗaukar hoto. Gabansa kuwa wayam, ciyawa shimfiɗe har igiyar iyaka, ba kowa sai wata akuya can nesa. Sun toshe masa bayan da yake ɓuya. Duk gudun da zai samu yau a gabansa yake, kiran kuma nasa.

Mai tsugunne a bayan sanduna Bovell ne, dogon nan na taga.

“Sannu da fitowa daga ruwa, Kawu,” ya ce a hankali. “Ga fili nan mun share maka. Ko ni zan yi maka kiran ne?”

Aka yi jifa ta farko, Hassa ya danne ƙwallon a gindin ƙafarsa. Ta biyu haka. Ta uku ƙwallon ya kufce ya gangara gaba kaɗan, Rahaman ya yunƙuro, Hassa ya ɗaga hannu. Rumfa ta fara gunaguni. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce in barci ya zo yi, ta zo da matashi. Gumi yana bin cikin naɗe-naɗensa. Kuma duk sanda mai jifa ya rugo, idon Hassa ba ya kan ƙwallo, yana kan wani ɗan wuri a tsakar fage inda ƙasar ta fi duhu kaɗan. Mu ba mu ga wani duhu ba. Shi ya rantse akwai.

Da aka cika jifa shida ba gudu ko ɗaya, Rahaman ya tako zuwa tsakiya kamar yadda masu bugu ke yi su yi shawara. Hassa ya ƙi ƙarasowa, sai da Rahaman ya je har wurinsa. Kyaftin ya tsaya yana huci, ya dube shi sama da ƙasa.

“Hassa, tun yaushe ka zama mai ɗaukar rai? Muryar nan taka ko karenka ba ya amsa ta. Likita ya ce in yi tattaki, matata ta ce in zauna, ni kuwa gudu na zo yi. In faɗuwar ce, gara nan da gaban talabijin. Ka kira ni kawai, sauran ba ruwanka.”

Jifar da ta biyo Rahaman ya ɗauka, ya tura ƙwallo gabansa ya kira da kansa, suka yi musaya. Hassa ya yi gudun a karkace, ya bi ta can gefe cikin ciyawa. Ga shi kuma a gaban sanduna, ga fili wayam, ga Bovell yana fito a bayansa.

Ƙwallon da ya zo mai sauƙi ne, irin wanda hannu ke bugawa kafin kai ya yi shawara. Katakon ya fita da kansa. Ƙwallo ya gangara gaba a hankali, ya bi ta gefen wurin nan mai duhu, ya ci gaba cikin ciyawa. Irin bugun bara ne sak. Wani tsohon Demerara ya taso daga baya yana ɗingishi zai bi shi. Rahaman ya tsaya a kan yatsu, idonsa a bakin Hassa.

Bakin ya buɗe, ba abin da ya fito. Iska ta taso daga wajen teku ta kawo masa warin man zafi, mai ƙarfi, kamar mutum na tsaye dab da shi. Sai muka ji muryar, a shaƙe, kamar ta wanda ake matse wa wuya, amma ta kai har rumfa.

“Pompey, zo!”

Mai saran kwakwa ya tsaya da adda a sama. Bovell, da bakinsa bai huta ba tun safe, ya yi alamar gicciye da safar hannunsa.

Rahaman ya taho, tumbi na gaba yana biye. Hassa ma ya fita, wannan karon ba ta gefe ba, ta tsakiya sak, don ƙafafun sun daina jin maganarsa. Ya ce da ya kai wurin ya ji sanyi ya ratsa shi daga ƙirji zuwa baya, kuma sawun da ya wuce shi ba na mutum ɗaya ba ne. Ya runtse ido ya ci gaba, har ya ji katakonsa ya goge layi. Ya tsaya, bayansa ga fage. Bai iya juyowa ba. Bara ma a nan ya tsaya, bara ma juyowar ce ta kawo komai. Kuma bai ji tafi ba, sai shiru.

Ya juyo.

Rahaman yana kwance rub da ciki a ɗaya ƙarshen, fuska cikin ƙasa, hula can gefe, ba motsi.

Katakon ya suɓuce daga hannun Hassa. Ya zauna daɓas, wani sauti yana fita daga bakinsa wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Matar Rahaman ta taso daga rumfa da ludayi a hannu. Alƙalin wasa ya cire hularsa. 'Yan Demerara suka tsaya cirko-cirko, wanda ya ɗauko ƙwallon ya manta yana hannunsa.

Sai ƙafar Rahaman ta motsa. Ya ɗago kai, ya tofar da ƙasa, ya dubi alƙali ya tambaya ko katakonsa ya haye layi. Ashe gani ya yi kamar ba zai kai ba, ya yi tsalle irin na samari, tumbin ya riga shi sauka ya kwashe masa numfashi. Alƙali ya ce ya haye. Sai da mutum huɗu suka taru aka ɗaga shi, biyu daga ciki 'yan Demerara ne, yana zaginsu yana cewa su bi a hankali da ɗinkin New York.

Hassa yana nan zaune a ƙasa yana dariya da hawaye a haɗe. Bovell ne ya tako tun daga can, ya ɗauki katakon ya miƙa masa.

Ba wani abin kirki ya buga bayan nan ba. Ya kira Rahaman sau da yawa, da sunansa kuma, har kyaftin ya fara roƙonsa ya rage. Can wani ƙwallo ya ratsa ƙarƙashin katakonsa ya watsa sanduna, ya fito. Demerara ce ta ci wasan. Amma Rahaman ya faɗa a gaban kowa cewa hular tana nan a kan mai ita, kuma da aka tashi Hassa ya tsallake falankin nan fuskarsa na kallon titi, bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

Na rako shi har gida, don ƙanshin miyar Bauji tun daga kwana ake jin sa. Ya hau matakala kamar kowa, sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo, ya fara shiga da baya. Na ce masa ashe dai har yanzu Pompey bai sake shi ba.

Ya dube ni daga sama, hular Berbice a karkace.

“Pompey ya kai layinsa, maƙwabci, na sallame shi a fili. Wannan juyowar taka ce. Shi ko da yana da rai, sai an kira shi yake zuwa.”

Ya rufe ƙofa.